Tsohon Babur Da 'Yancin Hanya: A Daina Barin Jaki Ana Dukan Taiki

Duk mai nazarin harshe ya san cewa kalma tana tsufa kamar yadda mutum yake tsufa, kuma darajarta tana hawa tana sauka gwargwadon halin da masu ita suka tsinci kansu a ciki. A cikin kalmomin Hausar wannan zamani da wuya a sami wadda ta ga jiya ta ga yau kamar kalmar babur. A shekarar 1975, lokacin da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin nan na Udoji a zamanin Janar Yakubu Gowon, in aka ce wane ya yi babur, to albishir ne. Malamin makaranta da malamin gona da malamin asibiti sun jingine kekunansu na Raleigh sun koma kan Vespa da Honda da Suzuki. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, sai babur ya zama abin neman abinci, aka sami acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, okada a kudancin ƙasar nan. A yau kuwa, a wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina, in yaro ya sheƙo a guje ya ce ga babura nan tafe, babu mai tsayawa ya tambayi ko na wane ne.

A tsakanin waɗannan ma'anoni uku akwai wani bawan Allah da aka manta da shi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ina nufin mutumin da yake riƙe da tsohon babur ɗinsa shekara talatin ko arba'in saboda ƙauna, yana goge shi kamar yadda barde yake kula da doki, yana jiran ranar hutu ya hau hanya. Ni ma ina cikinsu, domin ina da Honda CG 125 da na gada, kuma na saba da murmushin abokan aiki masu ganin bai dace a ga Dakta a kan irin wannan tsohon ƙarfe ba.

Me ake so a jikin tsohon babur? Abu na farko shi ne yana gyaruwa. Kamfanin Honda na Japan ya fito da CG 125 a shekarar 1975 bayan injiniyoyinsa sun zagaya wasu ƙasashe masu tasowa, sun ga yadda jama'a ke labta wa babur kaya kuma ba sa juyen baƙin mai a kan kari. Sai suka ƙera inji mai sauƙi, mai jure wahala. Mai irin wannan babur yana iya kwance fulogi ya goge, ya wanke kabureta, ya ɗaure sarƙa, duk a gindin bishiya da sufana biyu. Daga ƙarar salansa kaɗai yakan gane inda ciwon yake. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma a ƙasar da ake gina asibiti a bar shi ya ruɓe, a sayo motocin gwamnati a yasar da su bayan shekara uku, mutumin da ya riƙe inji ɗaya shekara arba'in malami ne, ko da bai taɓa shiga aji ba. Hatta kalmar garambawul, wadda 'yan jarida ke yi wa majalisar ministoci, daga bakin makanikai muka aro ta. Kalmar muka ɗauka, muka bar musu ɗabi'ar.

Abu na biyu shi ne hanya. Wanda ya taɓa tashi daga Kano da sanyin safiya a ƙarshen damina, ya bi ta Kura da Kwanar Ɗangora da Tashar Yari har ya shiga Zariya, ya san cewa tafiyar babur daban take da ta mota. Mai mota yana kallon ƙasa ta bayan gilashi. Mai babur yana shaƙar ƙanshin shinkafar Kadawa, yana jin sanyin fadama a fuskarsa, ya tsaya inda ya ga dama ya sha fura, a gaisa. A irin waɗannan tsaye-tsaye ne na fi jin yadda Kananci yake sauyawa a hankali yana komawa Zazzaganci daga wannan ƙauye zuwa wancan, abin da ba a jin sa a ɗakin karatu. Tafiya mabuɗin ilimi ce, in ji masu iya magana.

To, wannan hanya ce ake ta ƙwace mana ta fuska biyu. Ɓarayin daji sun mai da hanyoyi irin ta Funtuwa zuwa Gusau abin fargaba, hukumomi kuma suka mai da martani da haramta babur. An hana shi a Maiduguri a 2011. An hana goyo a kansa a birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A yankin Diffa na Nijar an hana shi a 2015. A 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna sun ƙaƙaba masa takunkumi iri-iri, har a watan Yulin 2022 gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana shi a ƙasa baki ɗaya.

Ba zan musa cewa miyagu suna amfani da babur ba, kuma duk wanda ya taɓa leƙa sashen ƙashi na babban asibiti ya san irin ɓarnar da gangancin wasu matasa ke yi. A lokacin tashin hankali hukuma tana da hurumin ɗaukar mataki na wucin gadi. Amma mai karatu ya tambayi kansa: wa dokar take kamawa? Ɗan bindigar da yake ratsa daji ba ya bin ta shingen 'yan sanda. Wanda ake tsarewa shi ne manomin da zai kai matarsa mai naƙuda asibiti, da malamin da makarantarsa take can inda mota ba ta shiga, da dattijon da ya fito kan Vespa zai je ɗaurin aure. Wannan shi ne barin jaki a daki taiki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, ma'aikata da yawa sun ajiye motocinsu sun koma kan babur, don haka abin ya wuce batun sha'awa.

Shawarata ita ce a bi jakin. A tabbatar kowane babur yana da rajista da lamba, a sauƙaƙa kuɗin yin su yadda talaka zai iya. A sa ido a kan dillalan da ke sayar da sababbin babura da yawa a lokaci guda ga mutanen da ba a san su ba, da masu kai fetur daji a jarka. Duk dokar hani a sa mata wa'adi, a kuma gaya wa jama'a abin da ta haifar kafin a sabunta ta. Mu ma mahaya akwai namu nauyin: lokacin da aka tilasta sa hular kwano a 2009, wasu ƙwarya suka kifa a ka don izgili, alhali kan da ake karewa nasu ne.

Ranar da dattijo zai iya ɗaura buzunsa a bayan tsohon babur, ya tashi daga Katsina ya kwana a Gusau ba tare da iyalinsa sun kwana suna zullumi ba, ranar ce za mu yarda tsaro ya dawo, ba sai an faɗa a rediyo ba. Allah Ya nuna mana wannan rana, Ya kuma ba shugabanninmu basirar rarrabe mai laifi da mai tafiya, amin.