FILIN KIWON LAFIYA: Shawarar jinjiri ba ta jiran ranar suna

Wani ciki yakan zo da gardama: hawan jini, ko faya ta fashe babu naƙuda, ko ciki ya wuce sati 41. Sai likita ya sa wa mace ruwan naƙuda don a ceci uwa da ɗa. Wani lokaci jinjirin yakan zo kwanakinsa ba su cika ba. Irin wannan yaro shawara ta fi kama shi.

Mene ne mafarinta? Jinjiri yana zuwa da jini mai yawa. Wanda ya tsufa yakan narke, ya bar wani ruwa rawaya. Hanta ce ke fid da shi, amma hantar jinjiri ba ta yi ƙarfi ba. Cikin jarirai 10, kamar 6 suna yin shawara. Cikin bakwaini 10, kamar 8. Galibi takan fito kwana 2 ko 3 bayan haihuwa, ta wuce kafin sati 2.

Ɗakin mai jego akwai duhu. Saboda haka ungozoma takan fito da yaro bakin ƙofa kowace safiya. Ta duba farin idonsa da dasashi. Ta danna goshinsa da yatsa, ta ga launin wurin.

A kai yaro likita nan da nan:
1. In rawaya ta fito ranar haihuwa.
2. In ta kai tafin hannu ko tafin ƙafa.
3. In ya ƙi nono, ko barci ya yi yawa, ko yana sanƙarewa.
4. In ta wuce kwana 14, ko kashinsa ya yi fari.

Shawara mai tsanani tana hawa ƙwaƙwalwa. Tana kurmantar da yaro, tana nakasa shi, tana kisa. Likita yakan sa yaro ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, a rufe masa ido. In ta yi yawa, a canza masa jini a babban asibiti.

A gida, a ba shi dakashi, kada a zubar. Ya sha nono sau 8 ko fiye, dare da rana, don rawayar tana fita cikin kashi. Ban da ruwa, ban da jiƙo. Kada a sa kafur cikin tufafinsa. Shanya yaro a rana ba magani ba ne.

Maigida ya tanadi kuɗin mota kamar yadda ya tanadi ragon suna. Rago yana iya jira kwana bakwai. Shawara ba ta jira.