Sharhi: Yadda Ostireliya ta ɗinke ɓaraka da ƙasar Sin ba tare da sauya manufa ba

A watan Disamban 2024 ne ƙasar Sin ta sake buɗe kasuwarta ga lobsta, wato manyan jatan landen teku da masuntan Ostireliya ke turawa da ransu. Da wannan aka kawar da babban shinge na ƙarshe cikin jerin takunkuman ciniki da Beijing ta gindaya wa Ostireliya tun 2020, waɗanda suka shafi kayayyakin da darajarsu ta kai kimanin dalar Ostireliya biliyan 20 a shekara. Bayan wata bakwai, a Yulin 2025, Firaminista Anthony Albanese ya kai ziyararsa ta biyu ƙasar Sin, inda ya gana da Shugaba Xi Jinping.

Abin da ya fi jan hankali a wannan sulhu shi ne Ostireliya ba ta janye ko ɗaya daga cikin manyan matakan tsaron da suka fusata Sin ba. Harshen magana ta sauya, ta kuma bi gyaran daki-daki, yayin da yanayin kasuwa ya taimaka mata.

Asalin saɓanin

Sin ce babbar abokiyar cinikin Ostireliya, domin ita ke sayen kusan kashi ɗaya bisa uku na kayan da ƙasar ke fitarwa. Tun watan Disamban 2015 yarjejeniyar ciniki maras shinge ta fara aiki a tsakaninsu. Amma ta fuskar tsaro, Amurka ce majinginar Ostireliya, kuma a nan gizo yake saƙar.

A 2018 gwamnatin Malcolm Turnbull ta kafa dokokin hana katsalandan daga ƙetare, sannan ta haramta wa kamfanonin Huawei da ZTE shiga aikin kafa hanyar sadarwa ta 5G. Beijing ta ɗauka da ita ake. Tura ta kai bango a Afrilun 2020, lokacin da gwamnatin Scott Morrison ta nemi a gudanar da bincike mai zaman kansa kan asalin cutar korona.

Martanin bai ɗauki lokaci ba. A watan Mayu Sin ta ɗora harajin kashi 80.5 cikin ɗari a kan sha'ir, ta kuma dakatar da sayen naman shanu daga manyan mayankai huɗu. Auduga da katako da kwal da lobsta suka biyo baya, wasu ma ba tare da wata sanarwa a hukumance ba. Harajin da aka ɗora wa giyar inabi ya kai har kashi 218 cikin ɗari. A Nuwamban shekarar, ofishin jakadancin Sin a Canberra ya miƙa wa 'yan jarida jerin ƙorafe-ƙorafe 14 kan Ostireliya. Ministocin Sin suka daina amsa kiran takwarorinsu, aka shafe fiye da shekara biyu ba a zauna ba.

Ostireliya ma ba ta sassauta ba. A Afrilun 2021 gwamnatin tarayya ta soke yarjejeniyar da jihar Victoria ta ƙulla da Sin a ƙarƙashin shirin Ziri Ɗaya da Hanya Ɗaya. A Satumba kuma ta shiga ƙawancen AUKUS da Amurka da Birtaniya, wanda zai ba ta jiragen ruwan yaƙi masu nutso da ke aiki da makamashin nukiliya.

Dalilin da matsin bai durƙusar da ita ba

Duk tsananin rigimar, akwai hajar da Sin ba ta taɓa ba: taman ƙarfe. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na taman da masana'antun Sin ke shigowa da shi daga Ostireliya yake fitowa, galibi daga yankin Pilbara, kuma babu wata ƙasa da za ta iya cike wannan gurbi cikin gaggawa. A 2021 farashin tan guda ya haura dalar Amurka 200, har kuɗin da aka samu daga tama ya rufe giɓin da takunkuman suka haifar a jimillar ciniki.

Sauran kayan kuwa sun nemi wasu kasuwanni. Sha'ir ya nufi Saudiyya, kwal ya karkata Indiya da Japan, auduga ta tafi Vietnam. Waɗanda suka ji jiki su ne masu hajar da ba ta da mai saye irin Sin. Masu giyar inabi, da ke sayar wa Sin kayan fiye da dalar Ostireliya biliyan ɗaya a shekara, sun wayi gari kasuwar ta rufe kusan ɗungurungum. Masuntan lobsta ma sun ga farashi ya karye a hannunsu.

Ita ma Sin ta biya nata kuɗin. Ta fuskanci ƙarancin wutar lantarki a ƙarshen 2021 alhali ta juya wa kwal ɗin Ostireliya baya, tattalin arzikinta kuma ya yi sanyi bayan kullen korona. A Satumban wannan shekara ta nemi shiga yarjejeniyar cinikin ƙasashen yankin tekun Fasifik ta CPTPP, wadda sai da amincewar dukkan mambobi, har da Ostireliya, ake karɓar sabon shiga. Saboda haka kowane ɓangare na da dalilin neman mafita, abin da ya rage shi ne hanyar da ba za ta zubar da girman kowa ba.

Gyara mataki-mataki

Zaɓen Mayun 2022, wanda ya kawo jam'iyyar Labor kan mulki, shi ya samar da wannan hanya. Sabuwar gwamnati ta ba Beijing damar sauya hali ba tare da an ce ta miƙa wuya ba. Ministar harkokin waje Penny Wong ta kauce wa alƙawarin komawa zumuncin da, ta ce burinsu shi ne daidaita dangantaka: a haɗa kai inda ya yiwu, a saɓa inda ya zama dole.

Hausawa kan ce da tsalle ɗaya ake faɗawa rijiya, amma a yi dubu ba a fita ba. Haka gyaran ya kasance. A Yunin 2022 ministocin tsaron ƙasashen biyu suka gana a Singapore. A Yuli Wong ta zauna da takwaranta Wang Yi a tsibirin Bali na Indonesiya. A Nuwamba, a taron G20 a can Bali, Albanese ya gana da Xi, ganawa ta farko a hukumance tsakanin shugabannin ƙasashen tun 2016. A Disamba Wong ta je Beijing domin bikin cika shekara 50 da ƙulla hulɗar jakadanci.

Dabarar da ta fi tasiri ita ce yadda aka yi amfani da Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, WTO. Ostireliya ta riga ta kai ƙarar Sin kan harajin sha'ir da na giyar inabi. A Afrilun 2023, ana dab da yanke hukunci kan sha'ir, ta amince ta jingine ƙarar, Sin kuma ta ɗauki alƙawarin sake duba harajin cikin gaggawa. A Agusta aka cire shi. Sin ta tsira daga hukuncin da ka iya kunyata ta, manoman Ostireliya kuma suka koma kasuwa ba tare da jiran shari'a ta shekaru ba. Da wannan hanyar aka bi aka cire harajin giyar inabi a Maris na 2024.

A tsakanin haka, kwal da katako sun koma shiga Sin a 2023. A Oktoba aka saki 'yar jarida Cheng Lei bayan shekara uku a tsare, a Nuwamba kuma Albanese ya isa Beijing. Firaministan Sin Li Qiang ya rama ziyara a Yunin 2024.

Abin da bai gyaru ba

Ciniki ya dawo, amma aminci bai dawo ba. A Fabrairun 2024 wata kotu a Beijing ta yanke wa marubuci Yang Hengjun, ɗan ƙasar Ostireliya, hukuncin kisa da aka jingine. A Fabrairun 2025 jiragen yaƙin ruwan Sin suka yi atisayen harbi a tekun Tasman, tsakanin Ostireliya da New Zealand, lamarin da ya tilasta wa jiragen saman fasinja sauya hanya. Haramcin Huawei na nan daram, shirin AUKUS ma bai tsaya ba. A yaƙin neman zaɓen 2025 manyan jam'iyyun ƙasar biyu sun yi alƙawarin karɓe tashar jiragen ruwa ta Darwin daga kamfanin Landbridge na Sin, wanda aka ba hayarta ta shekara 99 a 2015. Masu suka a cikin gida kuwa na ganin gwamnati ta rage murya kan take haƙƙin ɗan'adam domin kare ciniki.

Akwai kuma wata barazana ta daban. Kamfanonin Sin sun zuba jari mai yawa a ma'adinin Simandou na ƙasar Gini, ɗaya daga cikin manyan wuraren taman ƙarfe mai inganci a duniya. Duk lokacin da Sin ta samu madadin taman Pilbara, garkuwar da ta kare Ostireliya a 2020 za ta yi rauni.

Ga ƙasashe irin Najeriya, wadda Sin ce kan gaba wajen sayar mata da kaya, wannan shi ne ɓangaren da ya fi cancantar nazari. Tausasa harshe da bin matakai sun yi wa Ostireliya amfani ne domin tana da hajar da ba a iya yi ba tare da ita ba, tana kuma da wasu kasuwannin da ta juya gare su lokacin da ƙofa ta rufe. Ƙasar da ba ta tanadi waɗannan biyun ba, in rigima ta taso tsakaninta da babbar abokiyar cinikinta, da wuya ta samu sulhu a kan sharuɗɗan da ta zaɓa.