Sharhi: Basira ko wahala ake gwadawa a gasar Pokémon?

A watan Agustan 2023, 'yan wasa daga sassa daban-daban na duniya sun hallara a birnin Yokohama na ƙasar Japan domin gasar cin kofin duniya ta wasan bidiyon Pokémon.

To sai dai tun a ranar farko aka kori da dama daga cikinsu, bayan da alƙalai suka gano cewa wasu daga cikin dodannin da suka zo da su da manhajar kwamfuta aka ƙirƙire su, ba a cikin wasan aka raine su ba.

Wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa sun ce dodannin daga hannun wasu suka karɓa ta hanyar musaya, ba tare da sanin asalinsu ba.

Lamarin dai ya sake tayar da wata tsohuwar muhawara a tsakanin masu wasan: shin me gasar take aunawa, kaifin tunanin wanda ya tsara tawagarsa, ko kuwa yawan lokaci da kuɗin da ya kashe wajen tara ta?

Yadda ake karawa

Kamfanin Game Freak ne ya ƙirƙiro wasan, Nintendo kuma ya fitar da shi a Japan a watan Fabrairun 1996, da dodanni 151. A yau yawansu ya haura 1,000.

Kowane dodo yana cikin jinsi ɗaya ko biyu daga jinsuna 18, kuma kusan kowane jinsi yana da wanda yake rinjaya da wanda ke rinjayarsa. Ruwa na kashe wuta, wuta na cin ciyawa, ciyawa na shanye ruwa, lantarki kuwa ba ya yi wa jinsin ƙasa komai.

A gasar da hukumar wasan ke shiryawa, ɗan wasa na zuwa da dodanni 6, amma 4 kawai zai shiga da su kowane zagaye, biyu a fili biyu a ajiye. Ana daidaita matsayinsu duka zuwa mataki na 50, ta yadda babu wanda zai ci nasara don kawai dodonsa ya fi girma.

Ba a yarda a maimaita dodo iri ɗaya ba, haka ma kayan taimakon da kowannensu ke riƙewa. Kowane dodo kuma dabarun faɗa 4 kawai yake da su.

Hanyoyin zaɓar 4 daga cikin 6 guda 15 ne, kuma daƙiƙa 90 ake bai wa ɗan wasa ya dubi tawagar abokin karawarsa ya yanke shawara.

Aikin da ba a gani

Masu iya magana na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan wasa mafi yawan aikin ana yinsa ne makonni kafin ranar gasa.

Kamar yadda kocin ƙwallon ƙafa ba zai cika fili da 'yan gaba zalla ba, haka ma tawagar da aka cika ta da masu kai hari kaɗai ba ta yin nisa.

Ƙwararru kan fara da dodo ɗaya ko biyu da za su ɗauki nauyin kai farmaki, sannan su nemo waɗanda za su rufe musu rauninsu.

Abu na biyu shi ne sauri, domin wanda ya fi sauri shi ke fara duka. Akwai dabarar da ke ninka saurin tawaga har tsawon juyi 4, akwai kuma wadda ke juya tsarin baki ɗaya na juyi 5, ta yadda mai nawa shi zai riga kowa.

Abu na uku kuwa shi ne masu tallafi. Wannan ne ya sa Incineroar, wani dodo mai siffar damisa, ya shafe shekaru yana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Da zarar ya shigo fili yakan rage ƙarfin dukan abokan gaba biyu, kuma yana iya hana ɗayansu motsi a juyin farko.

Bayan haka sai lissafi. A lokacin gasar Yokohama, ɗan wasa na da maki 510 na horo da zai rarraba wa kowane dodo a kan siffofi 6, irin su ƙarfi da juriya da sauri, ba tare da ya zuba fiye da 252 a wuri ɗaya ba.

Maki kaɗan na iya zama bambanci tsakanin dodon da zai faɗi da duka ɗaya da wanda zai tsira ya rama.

Tun daga 2023 ana tilasta wa 'yan wasa su nuna wa juna takardar da ke ɗauke da dabaru da kayan dodanninsu kafin a fara. Amma yadda aka rarraba makin horon ya ci gaba da zama sirri.

Darasin kurege

Misalin da aka fi kawowa idan ana maganar tsara tawaga shi ne na Se Jun Park, ɗan Koriya ta Kudu, wanda ya lashe kofin duniya a birnin Washington a 2014.

Ya zo ne da Pachirisu, wani ɗan ƙaramin dodo mai kama da kurege, wanda kusan babu mai ɗaukarsa da muhimmanci a lokacin.

Ɗaya daga cikin manyan masu kai harinsa, Gyarados, lantarki na yi masa illa ninki 4. Shi kuwa Pachirisu yana da dabarar janyo harin abokan gaba zuwa kansa, kuma idan harin na lantarki ne, ƙara masa lafiya yake yi.

Ke nan ba don ƙarfinsa aka zaɓe shi ba. An zaɓe shi ne saboda ya toshe wata kafa takamaimai, a daidai lokacin da sauran 'yan wasa ba su yi masa shiri ba.

Irin wannan tunani ne masu sha'awar wasan ke cewa shi ne ƙashin bayan gasar, kuma shi ya kamata a saka wa mutum a kansa.

Inda gizo ke saƙar

Tsara tawaga a takarda ba ya buƙatar ko sisin kwabo. Akwai shafin intanet na Pokémon Showdown, wanda masu sha'awar wasan suka kafa a 2011, inda mutum zai haɗa tawaga cikin 'yan mintuna ya gwada ta kyauta.

Matsalar tana tasowa ne idan aka zo mayar da wannan tsari cikin wasan na ainihi, wanda da shi ake shiga gasa a lokacin gasar Yokohama.

Kowane dodo ana samunsa da wasu lambobi na gado, daga 0 zuwa 31 a kan kowace siffa. Tun 2016 kamfanin ya samar da hanyar ɗaga su zuwa sama, amma bai samar da ta saukar da su ba.

Don haka wanda ke son dodo mafi nawa, domin tsarin nan da ke juya sauri, sau da yawa sai ya yi ta kamawa yana sake kunna wasan, alhali damar dacewa ƙanƙanuwa ce.

A 2023 abin ya ƙara tsananta. A farkon watan Yuli ne sabbin dokoki suka fara aiki, waɗanda suka halatta dodanni daga tsofaffin wasanni, makonni kusan 6 kafin gasar Yokohama.

Samun Urshifu, alal misali, na buƙatar mallakar wasan Sword ko Shield na 2019 da kuma ƙarin da ake saya daban. Wasu dodannin kuma sai a wasan Legends: Arceus na 2022. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wasanni kimanin dala 60 ake sayar da shi a Amurka a lokacin.

Masu kare amfani da manhaja na cewa dodon da aka ƙirƙira bai fi na halal ƙarfi ba ko kaɗan, lokaci kawai yake rage wa mutum.

Masu adawa kuwa na ganin cewa lokacin shi kansa riba ne, domin wanda bai ɓata sa'o'i wajen kiwo ba ya samu sararin yin atisaye da gwada tsare-tsare da dama. Sun kuma ce doka doka ce, kuma kowa ya amince da ita kafin ya yi rajista.

Batun ya daɗa nauyi ne da kuɗin da ake ci ya ƙaru. Zakaran rukunin manya ya samu dala 10,000 a 2023, amma a 2024, lokacin da Luca Ceribelli na Italiya ya yi nasara a Honolulu, kyautar ta kai dala 30,000.

Sabon salo

A 2025 kamfanin ya ba da sanarwar wani sabon wasa mai suna Pokémon Champions, wanda aka keɓe domin karawa kaɗai, ya kuma ce da shi za a riƙa gudanar da gasar daga 2026.

An tsara shi ne domin na'urar Switch da kuma wayoyin salula, tare da sauƙaƙa yadda ake samun dodanni da horar da su.

Ana iya kallon wannan mataki a matsayin amincewa da cewa korar 'yan wasa kaɗai ba za ta magance matsalar ba, muddin bin doka na da tsada da cin lokaci haka.

Daga 2009 zuwa 2025, zakarun rukunin manya sun fito ne daga ƙasashe 6 kacal: Japan da Amurka da Italiya da Koriya ta Kudu da Ekwado da kuma Fotugal. Babu ko ɗaya daga nahiyar Afirka.

Sauƙaƙa haɗa tawaga ba zai biya wa kowa kuɗin jirgi da na masauki zuwa wuraren gasa ba, kuma ba zai ba shi biza ba.

Amma idan har mai wayar salula zai iya gina irin tawagar da mai na'ura da tarin wasanni ke ginawa, to za a rage ɗaya daga cikin shingayen da suka daɗe suna tantance wanda zai shiga fili tun kafin a gwada basirarsa.