Wai mu ne ba mu iya lissafi ba?

Ƙanena ya dawo Takanamat hutu da takardar sakamako a aljihu, ya ƙi bari kowa ya gani. Sai da na matsa mishi ya fiddo ta. Lissafi: 3 bisa 20. Wanga yaro kuwa tun yana ɗan shekara tara yake zama bakin tiren innarmu ranar kasuwa. Ka ce mishi mudu uku a kan dala talatin da biyar, kafin ka rufe baki ya ce maka dala ɗari da biyar. Ka ba shi jika guda, ya maido maka dala tis'in da biyar, ba alli ba allo. Ya shiga siziyam a wata CEG ta cikin Tawa, shekara guda tak anka tabbatar mishi da cewa kanshi ba ya ɗaukar lissafi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ya yarda.

To ƴan uwa, bari mu duba abin da ake nema ga ɗan koleji. Daga siziyam zuwa turwaziyam, shekara huɗu, ana so ya iya ɓangarorin lamba, ya iya kaso cikin ɗari, ya san lambobin da ke ƙasa da sifiri, ya nemo x, ya riƙe ƙa'idar Pythagore da ta Thalès, sannan ya fuskanci BEPC. Ni ban ce wannan ya yi yawa ba. Masu cewa a rage ma ƴaƴan ƙauye darasi don ba su iyawa, zagi suke yi mana cikin tausayi. Ƙorafina shi ne ta wace ƙofa ake shigo mana da abin.

Duk ɗan Nijar da ke ƙirga kuɗi da dala yana ninkawa da biyar kullum. An rubuta 175 F a jikin kaya, bakinshi ya ce dala talatin da biyar. Wannan fa rabawa ce. Manomi ya ɗaure dami sittin ya fidda shida na zakka, ga kaso goma cikin ɗari nan. Malamin da ke raba gado yana aiki da rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi, ya daidaita su har lissafi ya fita. Tsohon da ke auna inuwarshi da ƙafa don ya san la'asar ta yi, yana tsaye bakin ƙofar Thalès. In inuwar sanda ta kai tsawon sandar, inuwar gawo ma ta kai tsawon gawon. Shekara huɗu na yi a koleji, ba a taɓa fidda mu tsakar makaranta munka auna inuwar komi ba. Kwafa munka yi daga allo, munka hardace, munka manta.

Ga kuma maganar harshe. Yaro bai gama gane Faransancin tambaya ba, ta yaya za a san ko lissafin ne ya gagare shi? Na gwada ƙanena. Na ɗauko tambayar da ya faɗi, na maida ta Hausa, na sa buhun albasar Galmi a wurin abin da littafi ya sa. Ya dube ni ya ce: "Yaya, wanga shi na abin? Ai da an hwaɗi haka!" Ya ba ni amsa daidai. Kenan 3 ɗin nan da anka ba shi, makin Faransanci ne anka rubuta a layin lissafi.

Ba yau anka san haka ba. Tun 1964 Abdou Moumouni, masanin kimiyya ɗan Tasawa, ya yi littafi a kan ilimi a Afirka yana kiran a koyar da harsunanmu. A 1973 anka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram. Binciken PASEC na 2014 ya nuna ko ɗaya cikin goma na masu gama firamare a Nijar bai kai matakin da ake so a lissafi ba; a na 2019 an ɗaga, amma ba a kai ɗaya cikin huɗu ba. Da wannan guzurin ake turo mu koleji. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa. Madalla. Yaushe za ta kai bakin allo?

Mushe ma ba shi kaɗai ke da laifi ba. Aji cike maƙil, littafi ɗaya hannu goma, me zai yi? Amma mu fa? Mu ne ke zama fada muna shan shayi muna alfahari da "ni dai lissafi ba nawa ba ne", muna jiran ranar jarrabawa wani ya miƙo ƴar takarda. Wanda ya faɗi BEPC a Adar mun san inda ya nufa: Abijan, Libiya ko Aljeriya. Can mai canjin kuɗi ba ya tambayar ko lissafi naka ne. In ba ka iya ba, guminka na shekara ya ragu a hannunshi kana ce mishi na gode.

Kada kuma wani ya ce mini abin na Nasara ne. Muhammad al-Kashinawi, malami daga Katsina, ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ga abin da nake nema. Malamanmu, ku fara daga dala da dami kafin ku kai mu ga x, ku yarda a yi bayani da Hausa in an cije. Mu da munka wuce turwaziyam, kowa ya ɗauki ƙane ɗaya ko ƙanwa ɗaya cikin hutun nan, awa guda kullum. Ni na fara da nawa. Jiya bayan azahar munka auna gawon bakin gonarmu da sanda da igiya. Shi ya fidda tsawon, ni riƙe igiya kawai na yi.