Filin Uwargida: Biskit Mai Ado, Sana'ar Cikin Gida

A wannan mako hankalinmu ya koma Gwange ta birnin Maiduguri, unguwar da ke bakin kogin Ngadda. Ranar 10 ga Satumba, 2024 ba mai mantawa da ita, gama a ranar ce madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da maƙwabtanta. Mata da yawa sun rasa kayan ɗaki da ɗan jarinsu. To, wadda za ta sāke tashi tana bukatar sana'ar da ba ta cin jari mai yawa. Biskit mai ado yana cikin irin waɗannan, kuma hannun da ya iya naɗa dublan da murza alkaki ba zai gagare shi ba.

Ga yadda ake yi. Ki sami fulawa kofi 3, sukari kofi 1, bota kofi 1, ƙwai 1, da bakin hoda ƙaramin cokali 1. Ki buga bota da sukari har su yi laushi, ki fasa ƙwan a ciki, sa'an nan ki zuba fulawa da hodar kaɗan-kaɗan. Da zarar ya haɗu ki dakata, domin yawan murza yana sa shi tauri.

Babban abokin gābar wannan aiki shi ne zafi. A bazara zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, bota ta narke, tauraron da kika yanka ya baje ya zama waina. Saboda haka ki yi aikin da sassafe, ki rufe kwaɓin ki sa a firiji sa'a guda, in babu ki ajiye a gindin randa.

Bayan haka ki barbaɗa fulawa a faranti, ki murza kwaɓin da kwalba mai tsabta har kaurinsa ya kai rabin santimita. Bakin kofi ya isa ya fitar miki da da'ira, maƙeri kuwa zai lanƙwasa miki gwangwani siffar wata ko tauraro, amma ya goge kaifin bakin. A tanda, ki gasa a digiri 180 na minti 10 zuwa 12. Wadda ba ta da tanda ta zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta ɗora farantin a kai, ta rufe, ta sa garwashi ƙasa da bisa murfi. In gefe ya fara ja, ya nuna.

Sai ado. Ki daka sukari ya yi laushi, ki tankaɗe da rariya, ki ɗiga ruwan lemun tsami kaɗan-kaɗan har ya yi kauri kamar zuma. Ruwan zoɓo zai ba ki ja, kurkum ya ba ki rawaya. Kada ki kuskura ki sa rinin tufafi ko wani garin launi da ba a yi shi domin ci ba, gama yara ne masu sayen kayanki, kuma amana ce. Ki zuba a leda mai tsabta, ki ɗan yanke kusurwarta, ki zana furannin lalle irin waɗanda aka san matan Borno da su. Amma fa sai biskit ya huce sarai, in ba haka ba adon zai zube. Da hunturu yakan bushe nan da nan, da damina sai ya kwana.

Har wa yau, kafin ki yanka farashi ki lissafa kuɗin gawayi da leda da wahalarki, kada riba ta tafi a kyauta. Kuma kada baƙo ya kori ɗan gida: a kayan gara, alkaki da dublan da nakiya suna nan a matsayinsu, biskit ƙari ne.

Allah ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.