Na'ura Harafi Take Gani, Ba Ma'ana Ba

Idan malamin ilmin halittu ya tura ɗalibansa na Birnin Kudu da Gwaram su rubuto sunayen itatuwan gonakinsu, zai tarar kuka da tsamiya da ɗorawa sun maimaitu ba adadi. Tace wannan jeri da hannu kan ci kwanaki. Amma in an shigar da shi na'ura mai ƙwaƙwalwa, kowane suna a layinsa, umarni biyu da ake rubuta mata kai tsaye sun wadatar. Na farko, sort, wanda ya zo da tsarin Unix a 1971, yana jera layuka bi da bi bisa haruffa. Na biyu, uniq, na 1973, yana share duk layin da ya yi daidai da na samansa. Dole a fara jerawa, domin uniq ba ya ganin maimaicin da ya yi nisa da ɗan'uwansa.

Sai dai a wurin na'ura, ɗorawa da dorawa itatuwa biyu ne. A jerin masu jarrabawa kuwa, yara biyu masu suna ɗaya za ta mayar da su mutum guda, ɗayan ya rasa kujerarsa.

Saboda haka ya kamata makarantu su koyar da waɗannan umarni tare da ƙa'idojin rubutun Hausa. A daidaita rubutu tukuna, a haɗa kowane ɗalibi da lambarsa, a kuma adana ainihin jerin kafin a share ko layi ɗaya.