Gadon Asibiti da Aljihun Ƙaramar Hukuma

Masana kiwon lafiya suna da wani ma'auni da suke gane ƙarfin asibitocin matakin farko da shi, wato yawan mutanen da aka ba gado a babban asibiti alhali cutarsu ta kamata ta ƙare tun a ɗakin shan magani na unguwa. Zazzaɓin cizon sauron da aka bari har ya kai yaro ga jijjiga da ƙarin jini, gudawar da ruwan gishiri da sukari zai tsayar, hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba sai da ɓarin jiki ya shanye, duk suna cikin wannan lissafi. Cutar mashaƙo da ta addabi Kano tun daga ƙarshen 2022 ta isa misali: rigakafinta yana cikin allurar da ake yi wa jarirai kyauta a mako na 6, na 10 da na 14, amma akasarin yaran da ta kwantar ba su samu ba.

Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi hannu a hidimar lafiya, sai dai shekara da shekaru kuɗinsu yana maƙale a asusun haɗin gwiwa da jihohi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Madalla. Amma ni damuwata ba ta tsaya ga isowar kuɗin ba, ina zai tafi idan ya iso? Ciyaman ya fi son katanga da sabon fenti, domin su ake yanke wa kyalle a gaban 'yan jarida. Albashin ungozoma, firjin ajiye rigakafi, man babur ɗin ma'aikacin da zai shiga rugage, waɗannan ba su da allon da za a rubuta sunan kowa. Kuma tun da aka mayar da ma'aikatan matakin farko ƙarƙashin hukumomin jihohi, kowane ɓangare ya sami wanda zai nuna wa yatsa.

Brazil ta bi wata hanya. A shekarar 2000 ta gyara tsarin mulkinta, ta wajabta wa ƙananan hukumomi kashe aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigarsu a kan lafiya, ga kuma ma'aikata masu bi gida-gida. A 2008 ma'aikatar lafiyarta ta fitar da jerin cututtukan da bai kamata su kai mutum gado ba, ake bibiyarsu gari-gari, kuma kwanciyar da suke jawowa ta ragu.

Wannan na ƙarshe ba ya buƙatar sabuwar doka a wurinmu. Asibitin Murtala da na Hasiya Bayero suna rubuta adireshin duk wanda suka kwantar. A tattara alƙaluman nan bisa ƙananan hukumomi 44 na Kano, a buga su duk wata uku kusa da abin da kowace ta kashe a kan lafiya, kansiloli su kira ciyaman ya yi bayani.